Mai Karɓar Haya, Mai Kiran Shan Ruwa

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, hira ce a kan wani aiki da nake yi bayan rubutu, wanda da yawanku ba ku san ina yi ba. Tun shekarar 2018 ni ke kula da gidan hayar yayana da ke wajen Hotoro a nan Kano, bene mai hawa uku, sassa goma sha biyu, huɗu a kowane hawa. Shi yana zaune a Abuja, ni kuma ina ɗaya daga sassan ƙasa da yarana, to sai ya ɗora min karɓar kuɗin haya da rubuta rasit da kiran mai gyaran famfo da biyan maigadi da sauraron ƙorafi. Wannan na ƙarshen ya fi sauran duka yawa. Ba zan kama sunan kowa ba, don dama kullum gargaɗin da matan gidan ke yi min ke nan: "Anti, don Allah kar ki saka ni a littafi."

Ni 'yar cikin badala ce, a gidan yawa na tashi. A irin gidanmu babu wanda ke zama ya shirya yadda mutane za su haɗu, ginin ne da kansa yake haɗa su. Zaure ɗaya ake shiga, rijiya ɗaya ake ja, murhun wannan yana kallon murhun waccan, idan mace ta kai hantsi ba ta ɗaga labulenta ba sai an leƙa an ce lafiya. Ana faɗa, sosai ma kuwa, amma ba a ɓoyuwa. Shi kuwa gidan bene na haya an gina shi ne don kowa ya huta da kowa. Ƙofar ƙarfe, kicin ɗinka daban, banɗakinka daban, har mitar wuta kowa da tasa. Abin da ya rage na tarayya shi ne get da matattakala da tankin ruwa, su ma wucewa ake yi ba zama ba. Mutum zai shekara uku yana gaisawa da maƙwabcinsa a kan matattakala bai san sana'arsa ba. A shekaruna biyu na farko abin har burge ni yake, don babu wadda za ta aiko aron gishiri ina tsakiyar rubutu.

Abin da ya sauya min tunani ya faru ne a watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, aka kuma hana tafiya tsakanin jihohi. Akwai wata amarya 'yar Gombe a hawa na uku, mijinta ya tafi aiki Fatakwal kullen ya rutsa da shi a can, ita kaɗai ce a sashen da ƙaramin ciki. Wata safiya matar da ke ƙasanta ta sauko wurina ranta a ɓace, ta ce in ja wa yarinyar nan kunne, wane irin rashin ta ido ne mace ta riƙa daka a bene da ƙarfe biyun dare, ta hana su barci har asuba. Na hau na buga, shiru. Na sake bugawa, sai na ji wani ɗan nishi. Baba maigadi ne ya ɓalle ƙofar. Ashe jini ne ya ɓalle mata tun dare, wayarta ta mutu don kwana biyu ba wuta, ta kasa tashi, sai ta jawo taɓarya ta riƙa buga ƙasa ko wani zai ji. An ji kuwa. Mutum shida suka gaya min daga baya sun ji, kowa ya yi tsaki ya juya kwanciya. Allah ya yi da sauran kwananta, amma cikin bai tsaya ba. Matar da ta kawo ƙarar ta fi sati tana kuka, tana cewa da ta taɓa zama da yarinyar ko sau ɗaya, da ta san ba mai daka cikin dare ba ce.

Wannan maganar tata ita na riƙe. Da na gaya wa Yaya ina son in riƙa haɗa 'yan haya wuri ɗaya, sai ya ji daɗi, ya ce ai haka ake yi a rukunin gidajen da yake zaune, ƙarshen shekara a kafa rumfa a kira mai kiɗa a gasa nama, yara su yi ta tsalle a kan katifar iska. Na ce, "Yaya, wannan sai Abuja." Ka duba mutanen da nake da su: malamin Islamiyya mai mata biyu, matar soja da mijinta ke Maiduguri, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota da Madam ɗinsa, Bayarabiya ma'aikaciyar jinya, Babarbare ɗan kasuwar Kantin Kwari, samari biyu ma'aikatan banki, da wata Hajiya da mijinta ya rasu. Ranar da lasifika ta shigo gidan nan Malam zai kulle iyalinsa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Taron da za a yi sai ya zama wanda babu mai buƙatar neman fatawa kafin ya sauko.

Shan ruwa na zaɓa, muka fara a azumin 2021, kuma har yau ban ga abin da ya kai shi dacewa da gidan haya ba. Kowace mace dama sai ta yi girki a ranar, don haka ba a ɗora wa kowa sabon nauyi ba. Lokacinsa ba ni na sa ba balle a ce na fifita wani, rana ce ke faɗuwa. Abin da ya fi min komai kuwa shi ne taro ne mai tashi da kansa: ana kiran isha kowa zai miƙe neman alwala saboda tarawihi. Awa ɗaya da 'yan mintoci, ta isa a san fuska a yi dariya, ba ta isa a tono tsohon faɗa ba. Duk wadda ta taɓa zama a gidan suna har la'asar sakaliya ta san a wace awa ake fara baƙar magana. Rana kuma a goman tsakiya nake sawa, don goman farko jiki bai saba ba, goman ƙarshe kuma ga tahajjud ga zaryar tela ga cincin, babu mai sauraronka. A tsakiyar ne ma 'yan tashe ke yawo, sai mu bar musu get a buɗe su shigo su yi, a ba su sadaka, yaran benen da ba a bari su fita su sha kallo.

To amma babbar matsalar ni ce da kaina. Mai karatu, ka san bugun ƙofar mai karɓar haya daban yake. Ko da sallama mai daɗi na zo, sai na ji an rage ƙarar talabijin, an tura yaro ya ce ba ta nan. A gida mai sassa goma sha biyu da wuya a wayi gari babu mutum biyu ko uku da ake bi bashi, kuma su ne suka fi kowa buƙatar maƙwabta, su ne kuma ba za su sauko su zauna a tabarma ɗaya da matar da ke riƙe da littafin bashinsu ba. Wa zai iya haɗiye ƙosai mai binsa kuɗi tana kallon maƙogwaronsa? Na daɗe ina juya wannan a raina kafin in samu mafita, mafitar kuma ita ce in janye kaina daga gaba. Gayyata ba ni ke kaiwa ba, yara ne ke bi ƙofa ƙofa, su kuwa ba a ɓoye musu. Jagorancin taron na miƙa wa Hajiya, don ita ce babba kuma ba ta bin kowa ko sisi. Littafin haya ina rufe shi sati guda kafin ranar, ba na buɗewa sai sati guda bayanta, ba kira ba saƙo ba harara. Wannan na gaya wa Yaya tun farko, ya yi ɗan gunaguni ya haƙura. Ba a karɓar kuɗi a hannun kowa, ba a kuma jera sunayen waɗanda suka kawo abu a zauren WhatsApp na gidan, domin jerin sunan masu bayarwa ai jerin sunan marasa bayarwa ne a fakaice.

Sai kuma gasar kuloli, wadda mata kaɗai za su gane zafinta. Wata za ta sauko da farfesun kaza a kula mai ruwan zinare, wata kunun tsamiya ne iyakar ƙarfinta a tsohon bokitin fenti. Idan aka jera su a fili, mai kunun ba za ta sake zuwa ba. Don haka duk abin da aka dafa ta ƙofar baya yake shiga kicin ɗina tun biyar da rabi, ni da Hajiya mu juye a manyan robobi da farantai iri ɗaya da na saya a kasuwar Sabon Gari, mu wanke kular mu mayar wa mai ita. Abinci ya fito ba shi da uwa. Wata matar ta yi fushi da wannan tsari, ta ce ta ɓata wuni tana naɗe samosa amma ko sannu ba wanda ya ce mata. Na ce, "Ƙanwata, ai kin ga an cinye tas, wace sannu ta wuce wannan?" Ba ta gamsu ba, kuma har yanzu idan an zauna sai ta san yadda ta yi ta tambayi ta kusa da ita ko gishirin samosar ya ji. Muna barinta, ba ta cutar da kowa.

Abin da nake saya da kuɗin da na tatsa wurin Yaya kaɗan ne: dabino, kankana da lemo daga 'Yan Lemo, sai ƙanƙara. Ƙanƙarar nan kada ka raina ta. Azumin waɗannan shekarun a tsakiyar zafin Kano ya riƙa faɗowa, Maris da Afrilu, kuma mutumin da ke sashen da rana ta gasa tun safe zai sauko don ruwan sanyi ko da ba ya son ganin fuskar kowa. Maza suna shimfiɗa tabarmi a gaba kusa da get, mata muna baya wajen tanki da igiyoyin shanya, yara ne 'yan aike a tsakani.

Mutanen da ba sa azumi su ma an gayyace su tun shekarar farko. Madam ta zo ta same ni a ɓoye tana tambayar ko za a ci abin da ta dafa. Hajiya ta ce ta shirya su je wurin mahaucin bakin titi tare, aka sayo nama a gaban idon kowa, magana ta ƙare, kuma dafa-dukarta ce ta fara ƙarewa. Mijinta kuwa da aka tayar da sallar magariba sai ya rasa inda zai sa kansa, ya tsaya yana sosa ƙeya, can sai ya ja kujera ya zauna gadin abinci yana korar kyanwa da yara masu ɗan hali. Tun daga ranar aikinsa ke nan, har Malam yana tsokanarsa da sarkin gadi. A watan Disamba shinkafar Madam takan zaga gidan, da Babbar Sallah kuma ita ke fin kowa tara nama.

Ƙorafi haramun ne a wurin shan ruwa, wannan dokar Hajiya ce. Shi an ware masa ranarsa. A Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, daga bakwai zuwa goma na safe ba a zirga-zirga, to tunda gwamnati ta riga ta tsare min mazan a gida, sai na mayar da ita gayya. A kwashe kwata, a share harabar gida, a wanke matattakala, ƙarfe tara a kawo koko da ƙosai, a nan ne ake maganar wanda ke tare hanya da mota, da mai shanya a sama ruwa na ɗiga kan wankin na ƙasa, da hayaƙin janareta, da lokacin tura ruwa tanki. Na lura mutumin da ya riƙe shebur tare da kai minti talatin da suka wuce ba ya iya zaginka yadda ya shirya tun dare. A wata irin Asabar ɗin ce muka rubuta lambar wayar kowa, da ta wani ɗan uwansa na cikin gari, muka ba kowane sashe kwafi, muka manna ɗaya a ɗakin Baba maigadi. Aka kuma yi alkawari, duk wanda ya ji bugu ko wani motsi da bai gane ba cikin dare, ya tashi ya duba tukuna, fushin ya biyo baya.

Na san masu karatuna, yanzu wata tana can tana cewa to ina soyayyar? Akwai. Ɗaya daga samarin bankin ya ga ƙanwar Malam ta miƙo faranti, bayan wata tara muka sha biki. Akwai kuma wadda ta hana mijinta saukowa shekara biyu, wai matar soja tana yawan dariya. Wannan kam na bar wa littafi.

Shekarar da ta gwada abin ita ce 2024. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. Man tura ruwa kaɗai ya isa ya haɗa faɗa. Da azumi ya kama a watan Maris, mata uku suka same ni daban daban suka ce a haƙura da taron bana, kowace tana cewa saboda wasu take faɗa. Hajiya ta ce ba za a fasa ba, sai dai a sauke shi ƙasa: kunu da ƙosai da dabino da ruwan sanyi, kuma an hana kowa kawo nama ko da yana da hali. Ban taɓa ganin an cika kamar wannan shekarar ba.

A cikin waɗanda suka zauna a tabarmar maza akwai wani magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda kamfanin da yake wa aikin lissafi a Sharaɗa ya rage ma'aikata da shi a ciki. Hayarsa ta ƙare wata takwas, Yaya ya ɗaga masa ƙafa har sau biyu, daga ƙarshe ya aiko min da takardar tashi ya ce in ba shi. Takardar tana cikin durowata a daren. Na san da ita, shi ma jikinsa ya ba shi, don da na leƙa ta gefen tanki na ga ya riƙe kofin kunu ya fi minti biyar bai kai baki ba. Wani zai ce wannan ai munafunci ne, ki ciyar da mutum yau ki kore shi jibi. Na yi wa kaina wannan tambayar a daren, ban yi barci sosai ba. Abin da na tsaya a kai shi ne gidan ba nawa ba ne, amana ce, kuma Yaya ma da kuɗin yake biyan makarantar marayun da ke hannunsa. Ba ni da ikon yafe bashin. Abin da ke hannuna shi ne mutumin nan kada ya fita daga gidan a matsayin wanda ba a san shi ba, ya kwashe kaya da asuba kamar ɓarawo, yadda na sha gani a gidajen haya.

Bayan Sallah da kwana takwas na kai masa takardar da kaina, na gaishe shi na miƙa, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Hajiya, ai na sani, Allah ya saka da haƙurin da aka yi." Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ban gyara masa ba, don bakina ya yi nauyi. Ashe a daren shan ruwan Babarbaren nan ya ja shi da hira har ya gane halin da yake ciki, ya ce ya zo Kwari ya riƙa rubuta masa shige da ficen kaya. Albashin bai kai ya riƙe sashen ba. Ya tashi ya koma ɗaki biyu a Rimin Kebe, bashin kuma yana biya kaɗan kaɗan. Ranar tashin mazan gidan ne suka sauko da kayansa daga hawa na biyu, Inyamurin ya kawo motar ɗaukar kaya bai karɓi ko kuɗin mai ba, matan kuma suka raka matarsa har sabon wurin suka jera mata ɗaki. A azumin 2025 sai ga shi da yaransa biyar a Adaidaita Sahu, da ledar ƙosai, ya bi ta ƙofar baya ya miƙa kamar kowa.

Idan ina neman kuɗin ƙanƙara wurin Yaya, ce masa nake yi taron yana riƙe 'yan haya, sashe ba ya zama babu kowa, ba a yawan fenti da biyan dillali. Gaskiya ce, ya duba littafi ya gani, shi ya sa yanzu da kansa yake tambaya ko an sa rana. Sauran dalilan ban cika ɗora masa su ba, mutum ne mai lissafi.

Kada kuma a ɗauka kowa ya shigo hannu. Akwai wani bawan Allah a hawa na uku, shi kaɗai yake zaune, hayarsa ba ta taɓa yin latti ba, amma shekara biyar bai taɓa saukowa ba, ko gayya ko shan ruwa. Ranar tsafta yakan ba Baba maigadi kuɗi ya ce a yi a madadinsa. Wasu suka ce a daina kula shi, girman kai ne. Hajiya ta ce ba a san abin da ya koro mutum daga cikin mutane ba, a riƙa hau masa da nasa. Haka ake yi, ƙaramin ɗana ne ke kai farantin ya ajiye a bakin ƙofa ya buga sau biyu ya sauko. Shekara uku farantin yana dawowa a wanke, Baba maigadi ke kawo shi. A ta huɗu ya dawo da sabulu biyu a ciki. A ta biyar shi ya sauko da shi da kansa bayan tarawihi, ya tsaya daga bakin ƙofata ya yi sallama, ya tambayi yaron wa ya dama kunun gyaɗar. Yaron ya ce ba a faɗa.